ƳAN SANDAN GWIWA

Ƴan'uwana ɗalibai, akwai wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin fasinjojin manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, irin waɗanda ke tashi daga Mayami ko daga gaɓar Ingila su yi mako guda suna yawo bisa teku. Gardamar ita ce: ko ya dace namiji ya shigo babban ɗakin cin abincin dare da gajeren wando? Ɓangare ɗaya na cewa wanga rashin tarbiyya ne, duniya ta zo ƙarshe, a tsaida shi bakin ƙofa. Ɗaya ɓangaren na cewa hutu na zo yi, kuɗina na biya, ba mai auna mini tsawon wando.

Na san abin da kamarad zai ce. Mu da ko teku ba mu da shi, mu da jirgin ruwan da yawancinmu munka taɓa gani bai wuce kwale-kwalen kogin Isa ba, mu da ke jiran burs kamar jiran ruwan shuka, ina ruwanmu da gwiwar wani Bature? Ga ruwanmu: ka ba ɗan Maraɗi ko ɗan Damagaram wanga labari, kafin ka rufe baki ya zaɓi gefe. Zai ce ai masu kwat ke da gaskiya, ka ga ko Turawa sun san kunya. Wagga amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, don kuskure ce, kuma kuskuren da muke biya da zufarmu nan gida. Dokar tufafi ta jirgin shaƙatawa ba ta haɗa dangi da kunyar da uwayenmu sunka koya mana ba. Haja ce kamfani ke saidawa, an ɗinka ta da ragowar tsarin da ke raba mutane aji-aji, kuma wanda ya fi kowa shan wahalarta ba ya cikin masu gardamar.

Yadda dokar take

Jirgin shaƙatawa gari ne mai tafiya. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa wajen mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata sama da 2,300. A shekarar 2023 mutum sama da miliyan 31 sunka yi irin wagga tafiya a duniya, adadin da ya zarce al'ummar Nijar baki ɗaya. Abin ba na sarakuna da ɗiyansu ba ne yanzu. Malamin lakkwal da ya yi ritaya, da direban babbar mota, da nas, su ne ke cika ɗakunan.

Da rana ba ruwan kowa da kowa. Mutane na kwance bakin wurin iyo da ɗan ƙyallen da ko goge tabarau bai isa ba. Ƙarfe 6 na yamma na bugawa sai a buɗe wani littafi. A jiragen kamfanin Cunard, wanda ya fi sauran tsanani, daga wannan lokaci ba a shiga manyan ɗakunan cin abinci da gajeren wando. Akwai kuma daren da suke kira daren gala, inda ake son namiji da baƙar kwat da karabat, mace da rigar biki. Wanda bai so sai ya tafi inda ake zuba abinci da kai, ya ɗauki farantinsa ya ci can.

Sauran kamfanoni kowa da nasa. Da yawa suna da dare ɗaya ko biyu na ado a tafiyar mako guda. Kamfanin Norwegian ya soke tilascin daren ado da ƙayyadadden lokacin cin abinci tun shekarar 2000. Virgin Voyages, da ya fara ɗaukar fasinja a 2021, bai taɓa tilasta daren kwat ba. Tsakanin waɗanga da Cunard akwai masu rubuta wa a takarda cewa ba a son gajeren wando da dare, in mai gajeren wandon ya iso ƙofa kuma a yi masa murmushi a nuna masa kujera. Nan wutar ke tashi. Wanda ya sha wahalar ɗaura karabat ya waiwaya ya ga gwiwa a teburin kusa, miya ta daina yi masa daɗi.

Ba maganar sutura ba ce

Musulmin da ya ji an hana gajeren wando, hankalinsa zai tafi ga al'aura, daga cibiya zuwa gwiwa. Madalla. To amma al'aura ba ta da agogo. Gwiwar da ta wajaba a rufe ƙarfe 6 na yamma, wajibi ne a rufe ta ƙarfe 12 na rana. A jirgi kuwa, mutumin da ke kumfar baki a kan gwiwar maƙwabcinsa da dare, shi ne ka gani da hantsi kwance da tumbi waje. Matar da ke zaune teburi ɗaya da shi, rigarta ta tsaya sama da gwiwa, ba wanda ya ce mata kanzil. Ɗan Sikotilan kuma ya ɗauro bujen gargajiyarsu, gwiwoyi biyu a fili, a daren gala kansa, a karɓe shi har a roƙe shi hoto. Ashe dai gwiwa ba ta yi laifi ba. Abin da ake dubawa a ƙofa shi ne ko ka ɗauko alamar da ke cewa kai ɗan gida ne, ka san sirrin wurin.

Ku gwada wanga da kunya irin tamu. Saurayi na buga ƙwallo a fili da gajeren wando, ba wanda ya damu. In zai shiga gaida baffansa ko surukinsa, da kansa zai koma ɗaki ya sako dogon wando da riga, wani har da hula. Ba takarda, ba mai gadi, ba ko dala da ta canza hannu. Kunyarmu fuska take dubawa: wane ne gabana, mene ne tsakanina da shi? Shi ya sa take da nauyi, shi ya sa kuma take da sassauci, don kakarka za ta yi maka ba'ar ƙafafunka, abin da surukarka ba za ta yi ba. Dokar jirgi ba ta san fuska ba. Baƙi ne dubbai da ba su taɓa ganin juna ba, ba kuma za su sake haɗuwa ba, abin da ya tara su kawai shi ne sun sayi tikiti a kamfani ɗaya. Kiran wannan kunya rage wa kalmar daraja ne.

Alama ba ta da gaskiyar kanta

Darasin farko da ake ba mu a sashen ilimin harshe na Ferdinand de Saussure ne, daga littafin da anka tattara cikin rubutun ɗalibansa anka buga a 1916. Ya ce ba wata igiya ta halitta da ta ɗaure kalma da abin da take nufi. Bahaushe ya ce kare, Bazabarme ya ce hansi, dabbar ba ta san ko ɗaya ba. Jama'a ce ta yarda da sunan, jama'a kuma na iya canza shi. Tufafi ma harshe ne, kuma tarihin wando kaɗai ya isa hujja.

Duk wanda ya ratsa lise ya karanta labarin sans-culottes a juyin juya halin Faransa na 1789. Me sunan ke nufi? Marasa kilot. A wancan zamani kilot, wandon da ke tsayawa a gwiwa, shi ne shigar sarakuna da masu sarauta, ana haɗa shi da doguwar safa. Dogon wando kuwa na leburori ne da matuƙan jirgi da ƴan ƙwadago. Da a ce jirgin shaƙatawa ya wanzu a lokacin, mai dogon wando za a tsaida bakin ƙofa.

Baƙar kwat ɗin da ƴan sandan gwiwa ke taƙama da ita fa? A ƙarni na 19 cikakkiyar shigar dare ta attajirin Ingila kwat ce mai jela a baya. Gajerar kwat marar jela, wadda Faransawa ke kira smoking, Amurkawa ke kira tuxedo, an fito da ita ne don a sake, a ci abinci a gida tsakanin abokai ba tare da nauyin jela ba. Sunan tuxedo ma na wata unguwar attajirai ne kusa da Niyok, inda shigar ta bazu wajen 1886. Wato abin da yau ake ɗauka ƙololuwar ado, jiya shi ne kayan shan iska. Karabat kuma, ƙyallen wuyan sojan haya ne ƴan Kuroshiya da sunka yi wa sarkin Faransa aiki a ƙarni na 17, sunan ma daga sunan ƙabilarsu ya samo asali.

Ga wadda ta fi ba ni dariya. A tsibirin Bamuda, gajeren wando mai tsayawa sama da gwiwa kaɗan, da doguwar safa da kwat da karabat, cikakkiyar shigar buro ce, ana zuwa banki da taro da ita, tawagarsu ma da ita take shiga bikin buɗe wasannin Olimfik. Tun 2011 kuma jiragen Cunard a Bamuda suke da rajista, sunan Hamilton, babban birnin tsibirin, shi ne a rubuce a bayansu. Jirgin na ɗauke da takardun ƙasar da gajeren wando ke shigar mutunci, yana hana gajeren wando a teburinsa.

Mu ɗaliban harshe mun san irin waɗanga mutane, don muna da su a fagenmu. Su ne masu cewa harshe ya lalace duk lokacin da matasa sunka fito da sabon lafazi. Sun manta Faransancin da suke tsaro, Latin ne da ya karye a bakin talakawa. Kowane zamani na kiran sakewar ƙannensa lalacewa, jikoki kuma su maida ita ƙa'ida su fara dukan na baya da ita.

Inda dokar ta fito

Akwai lokacin da shigar dare a jirgi ke da ma'ana ta gaske, ma'anar kuwa ba mai daɗi ba ce. Titanic, da ya nutse a Afrilun 1912, aji uku gare shi. Ƴan aji na ɗaya suna sama, ana busa musu ƙaho in lokacin cin abinci ya gabato, su shiga ɗaki su fito da kwat mai jela da lu'ulu'u. Ƴan aji na uku, masu ƙaura zuwa Amurka neman abinci, suna can ƙasa, da ƙofofi tsakaninsu da na sama. Mutum wajen 1,500 sunka mutu daren nan. A aji na ɗaya wajen shida cikin goma sun tsira, a aji na uku wajen ɗaya cikin huɗu. Kwat ɗin nan tambarin bene ce, benen kuma shi ya fi kusa da kwale-kwalen ceto.

Al'adar ta iso har ƙasar Hausa, ta jiragen kamfanin Elder Dempster masu zirga-zirga tsakanin Libaful da Legas. Jami'an mulkin mallaka na Ingila sun yi suna da ita: Di'o ya yini da gajeren wandon kaki yana rangadi, dare na yi ya canza kaya ya zauna cin abinci, ko da a gidan saukar baƙi ne tsakiyar daji. Sojan Hausa da ke cikin rundunarsu ta Afirka ta Yamma kuwa da gajeren wandon kaki da jar dara suke fareti, boyin da ke ɗauko faranti ma sau da yawa haka. Shi mai gida yana da wando biyu, na rana da na dare. Canjin kayan nan na ƙarfe 6 shi ke tuna wa kowa wa ke zaune, wa ke tsaye.

A 1958 jirgin sama samfurin Boeing 707 ya fara jigila tsakanin Niyok da Paris. Tafiyar da ke cin kwana biyar ko shida ta koma ta sa'o'i, manyan jiragen ruwa sunka rasa fasinja. Masu su sunka nemi wata sana'a: in ba za a biya mu mu kai mutum wani wuri ba, a biya mu mu zagaya da shi. To me za a saida wa ma'aikacin da ya tara kuɗin hutunsa? Mafarkin aji na ɗaya. Dare ɗaya a mako ya sa kwat, a kira shi ranka ya daɗe, ya ɗauki hoto da kyaftin a gindin matakala mai walƙiya. Jikokin ƴan aji na uku ne ke biyan kuɗi su kwaikwayi mutanen da sunka rufe wa kakanninsu ƙofa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ku kuma lura da wa ke da kantin. Kamfanin Carnival, da anka kafa a Mayami a 1972, mai tallar jirgin nishaɗi da annashuwa, shi ya mallaki Cunard tun 1998. Mai shago ɗaya ne ke saida wa wanga sakewa, ya saida wa wancan tsanani. A Cunard har gobe kuɗin ɗakin kwananka ke faɗin inda za ka ci abinci: masu ɗakin talakawa a Britannia, masu tsada a Princess Grill, masu tsadar tsada a Queens Grill. Ka sa kwat goma in ka ga dama, ba ta buɗe maka ƙofar Queens Grill. Tikiti ke buɗe ta.

Wa ke ci, wa ke ɗaukar kaya

Daren ado dare ne na kasuwa. Masu hoton jirgi na kafa fitilu a kowace kusurwa, hoton kuma saye ake. Shagon gyaran gashi na cika, kantin agogo da turare na samun ciniki, wasu jiragen ma sun daɗe suna ba da hayar kwat. Da kamfanonin jirgin sama sunka matsa wa akwati, kilo 23 ko ka biya ƙari, fasinja sunka fara ƙorafin ɗaukar kwat da takalmin da za a sa sau ɗaya. Matasa masu yara ma ba su son takura. Sai dokar ta fara laushi. Ba wani malamin tarbiyya da anka tambaya. Inda dokar ke kawo ciniki an riƙe ta, inda take korar ciniki an sake ta. Abin da farashi ke ɗagawa ya sauke, sunansa haja.

Yanzu ku dubi wanda ke tsaye bakin ƙofar. Yawancin masu hidima a waɗanga jirage daga Filifin suke, da Indonesiya da Indiya. Kwantiraginsu wata shida zuwa tara ne, aiki kwana bakwai a mako, kwana a ɗan ɗaki ƙasan jirgi, sau da yawa ba taga. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta duniya ta 2006 ta ce a ba ma'aikaci hutun sa'a 77 aƙalla a mako. Ku yi lissafi: mako sa'a 168 ne, saura 91 da doka ta yarda a yi aiki. Jiragen na ɗaukar tutar Bahamas ko Fanama ko Malta, inda haraji da dokar ƙwadago ba su da nauyi kamar na ƙasashen fasinjojin. Babban kason abin da mai hidima ke samu daga tukuicin da ake cire wa kowane fasinja yake fitowa, wajen dalar Amurka 16 zuwa 20 a yini, kusan jika goma na sefa, a raba wa mutane da yawa. A jirage da dama fasinja na iya zuwa ya ce a rage ko a cire. Ƙarshen tafiya kuma ana ba shi takarda ya auna hidimar da anka yi masa.

Wanga bawan Allah ne ake so ya dubi mutumin da albashinsa ke hannunsa ya ce masa koma ka canza wando. In ya hana, mai gajeren wando ya rubuta sunansa. In ya bari, mai kwat ya rubuta sunansa. Kamfani ya rubuta doka don faranta wa wanga, ya ƙi tsaida ta don kar ya ɓata wa wancan, ya bar ɗan Filifin tsakiya yana murmushi. Shi kuwa ba a taɓa tambayarsa me yake son sawa ba. Yunifom ɗinsa a guge yake kowane dare, ko ya yi barci ko bai yi ba. Masu kuka da mutuwar ladabi a teku, ban ga ranar da ladabin nasu ya gangara ƙasan jirgi ba.

Abin da masu kwat za su ce

Za su ce alkawari kaya ne: ka karanta sharaɗi kafin ka sayi tikiti, ka cika shi. Wannan gaskiya ne. Wanda ya zaɓi Cunard da idonsa buɗe, ya sa dogon wando, jirage ba su ƙare ba. Amma wannan hujjar ciniki ce, irin ta mai gidan haya da ɗan haya. Ta tsaya nan. Ba ta ba kowa izinin auna tarbiyyar mutum da santimita ba, ba ta kuma aiki a jiragen da kamfanin da kansa ya ƙyale.

Za su ce in ka je gari ka iske kowa da jela, nemi taka ka ɗaura. To, karin maganar na nufin gari mai mutane da al'adar da sunka gada, baƙo ya girmama masu gida. A jirgi wa ne mai gida? Kowa baƙo ne, kowa ranar Asabar ya shigo. Jelar ma a kantin jirgi ake saida ta.

Za su ce ganin gwiwa na ɓata musu daren da sunka biya. Nan ne gaskiyarsu ta fito. Abin da suke nufi shi ne sun sayi wasan kwaikwayo, kuma suna son sauran fasinja su zama ƴan wasa kyauta. Mutum ya yi adonsa don jin daɗinsa, wannan kyakkyawa ne, mu da ke ɗinkin salla mun san daɗin ado. Amma adon da ba ya tsayuwa sai an tilasta wa na kusa, akwai abin da ke damunsa.

Kar kuma mai gajeren wando ya ɗauka na zo yi masa kirari. Hujjarsa da ta abokin gardamarsa uwa ɗaya uba ɗaya suke: na biya. Wanga ya biya don a yi masa ado, wancan ya biya don kar a dame shi. Cikinsu ba wanda ya ce bari in duba na kusa da ni. In tsofaffi biyu ne a teburinka suna bikin cika shekara 50 da aure, sun yi kwalliya, ka sako dogon wando don su, wannan shi ne ladabi, kuma ba ka buƙatar takarda kafin ka yi shi. Da ɗan sandan gwiwa da ɗan kuɗina-na-biya, duka sun maida zaman cin abinci, wanda a wurinmu zumunci ne, ya koma rasit.

Inda abin ya shafe mu

Wasu kamfanonin na ƙara wani ɗan layi a ƙasan dokarsu: ana karɓar kayan gargajiya na ƙasa. Da jin farko karamci ne. Ɗalibin harshe kuwa ya san wanga gini. Cikin kalmomi biyu, akwai wadda ake ɗauka ita ce asali, ba ta buƙatar bayani, akwai wadda sai an liƙa mata lamba. Kwat ba ta buƙatar layi na musamman, ita ce tufa. Babbar rigar shadda da ta ci wata da watanni ana yi mata aiki da hannu, wadda kuɗinta ya ninka na kwat ɗin haya, ita ce ta gargajiya, wadda ake yi wa alfarma. Kwat ma kayan gargajiyar wani tsibiri ne mai sanyi da hazo, bindiga da jirgin ruwa sunka yaɗa ta har ta manta sunan garinsu.

Mun san wanga tsari a bakinmu kafin mu san shi a jikinmu. Ku tambayi uwayenmu da sunka yi lakkwal labarin sambol, abin da ake rataya wa yaron da anka kama yana Hausa ko Zabarmanci a farfajiyar makaranta, shi kuma ya yi ta farautar wani yaron da zai miƙa wa. Dabarar ita ce mushe ba ya buƙatar tsaro, yara ke tsaron junansu. Haka fasinja ke tsaron gwiwar fasinja, kamfani na gefe yana ƙirga kuɗi.

Haka mu ma muke yi. Watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, kilim ya mutu, ga kamarad ranar sutanans cikin kwat ɗin aro, hannun rigar ya wuce yatsunsa, karabat ta shaƙe shi, zufa na ɗiga bisa kundin da ya shekara yana rubutawa. Sau da yawa ba wata doka da ta tilasta masa. Tsoronmu ya ji. Mu ne za mu ce wane bai waye ba, ya zo kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mu ne ke raina mai neman aiki da ya shigo buro da kaftani, mu miƙe wa mai kwat ko da kansa fanko ne. Wanda ke son kwat don tana yi masa kyau, ya sa abinsa, Allah ya ƙara kyau. Abin da nake yaƙi da shi shi ne ɗaukar ta ma'aunin hankali.

Don haka, ƴan'uwa, duk dokar tufafin da anka kawo muku, a jirgi take ko a ƙofar buro, kafin ku ce ai ladabi ne ku tambaya: wa ya rubuta ta, kuma wa take tsaidawa waje? In amsar ita ce tana kare mutuncin wani mutum da ke gabanku, ku bi ta da zuciya ɗaya. In kuwa tana kare farashin tikiti ne, ko tana rarrabe ɗiyan masu hali da ɗiyan talakawa, ku bi in dole ta sa, amma ku kira ta da sunanta, kar kuma ku karɓi aikin ɗan sanda kyauta. Sutanans na nan tafe. Kamarad ɗin da ya zo da kaftaninsa wankakke, a yi masa tambaya a kan babi na uku.